Shekarar da Muka Tsaya a Gungu

Na riga na rubuta muku yadda na tashi a Babban Duhu a gidan malami, da yadda mahaifina ya zaunar da ni cikin 'yan'uwana maza har na iya riƙe alƙalami. Yanzu na zo kan shekarar da kuka fi jin labarinta a bakin mutane, kuma kuka fi jin ta a karkace. Har yau akwai tsofaffi a Darini da za su ce muku ni na karya wa mahaifinku fatauci, da ba don ni ba da shi ne madugu, ba baffanku Sale ba. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Ni na yi maganar, kuma da za a mayar da ni wannan rana da na sake yin ta. Abin da ba su sani ba shi ne inda aka yi ta da yadda aka yi ta, don ba wanda yake wurin sai ni da mahaifinku, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Lokacin shekararmu tara da aure, amma in aka tattara kwanakin da muka yi a gida ɗaya ba za su cika shekara biyu ba. Da an gama yankan gero sai ya bi ayarin yayan mahaifinsa, wanda duk gari ke kira Baba Madugu, su ɗora wa jakai kanwa da jemammun fatu da saƙi, su nufi Gwanja sayen goro. Wani lokaci ya dawo damina ta yi nisa, wani lokaci sai wata shekarar. Ba mugun miji ba ne, kada ku ɗauka haka. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa dawowa ba tare da zane ba. Sai dai ban san shi ba. In yana gari, da asuba ya fita zaure, abincinsa a can ake kai masa, in ya shigo kuwa maganarmu ba ta wuce ina kwana da ina gajiya. Ɗiyar malam yake kirana, ni kuma in ce masa Maigida. Ɗana na fari ƙyanda ta ɗauke shi yana hanya, bai taɓa ganin tafiyarsa ba. Ta biyu mace ce, na haife ta bayan ya tafi, ta koma kafin ya dawo. Ya iso da 'yar munduwa ta jan ƙarfe da ya sayo mata, sai Sale ya tare shi a ƙofar gida ya gaya masa. Ya shigo ya tsaya a bakin ɗakina, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya juya ya tafi duba jakai. Wannan juyawar ta tsaya mini a rai fiye da rasuwar.

Da kaka ta zagayo, na ɗauki mayafi na tafi gidan Baba Madugu. A kowane ayari akwai mata biyu ko uku masu girki, na ce a sa ni cikinsu. Na durƙusa na gaishe shi, na gaishe shi da iyali, da jiki, da shirin tafiya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya ce:

"Ɗiyar malam, hanyar Gwanja ba zuwa biki ba ce."

"Baba, zaman gidan ma ba biki ba ne."

Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce in je in shirya. Abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa kowa ba, shi ne na riga na yanke shawara a zuciyata: zan je in ga wannan hanya da idona, in mun dawo in nemi ya sawwaƙe mini, in koma gidan mahaifina.

Muka tashi. Gefen dajin Rugu da sauri muka wuce shi saboda mahara, ba mai magana da ƙarfi, har muka faɗa ƙasar Zamfara, daga nan muka yi ta kudu da yamma. A hanya na ga wani mutum da ban taɓa gani ba. Mahaifinku shi ne jagaba, mai tafiya gaban ayari. Ya san kowace rijiya da kowane zango, ya san garin da ake shiga da sallama da wanda ake kewaye shi. Yana yi wa jakai waƙa. Yana tsokanar fatake har su riƙe ciki. Shekara tara ina gidansa ban taɓa jin dariyarsa ba, sai ga shi a daji yana yin ta kamar ba shi ba. Abin ya ba ni sha'awa, ya kuma ƙona mini rai, don na gane ba rasa fara'a ya yi ba, a hanya yake barin ta. Kowa a ayarin ya san Baba Madugu ya tsufa, kuma in an dawo daga wannan tafiya mahaifinku zai miƙa wa ragama.

A ƙasar Yawuri muka iso Kwara. Ni da na tashi inda ake tonon ruwa a rairayin rafi, sai na ga ruwa ya cika ido har ba a hango ƙarshensa, ga shi kuma rani ne. A wurin da muka bi, ba a haye shi kai tsaye. Akwai gungu a tsakiya, wato tsibiri, da gari a kansa har da ganuwa da kasuwa. Masu jirgi su kai ku gungun, ku kwana, washegari wasu su ƙarasa da ku ɗaya gaɓar. A gungun ne mahaifinku ya kasa taka ƙafarsa ta hagu. Kwana uku yana ɗingishi yana ɓoyewa. Da aka duba sai ga bororo a idon sawu, ya fashe, kan tsutsa fari ya leƙo. Ƙurƙunu ne. Baba Madugu ya tsuguna ya dubi ƙafar. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, abincin jakai ma ba zai bari ba. Ya ce Sale ya hau gaba a madadinsa, kayanmu da jakanmu su wuce tare da su. Akwai ayarin Kanawa da zai biyo baya da kamar wata guda, in ƙafa ta warke mu bi su. Sannan ya ce akwai gidan da zai bar mu, in matar da ke riƙe da gidan ta yarda, don ba kowa take karɓa ba.

Gidan yana can ƙarshen gari ta gefen yamma, a kan wani tudu da ruwa ke dukan gindinsa. Ba irin masaukin fatake ba ne da na saba gani a hanya, inda ake zube mutum talatin a rumfa ɗaya. Ɗaki biyar ne kawai na baƙi, kowanne da irin zanen da aka yi wa bangonsa. Kakan mijin mai gidan ne ya gina shi tun kafin jihadi, wani Bahaushe falke da ya zo hayewa ya ga 'yar masu jirgi ya fasa tafiya. Ya kawo magina daga nesa suka yi masa soro irin na birni, har da bene guda, wanda babu kamarsa a duk gungun. Ƙyauren zauren na icce ne mai kauri, hannun mutane ya goge shi har yana sheƙi. A tsakar gida akwai tsamiya da ta girmi duk wanda ke garin. A bangon ɗakuna an jera kwanukan tagulla na Nufe da baƙi suka riƙa barin wa gidan shekara da shekaru, kuma mai gidan ta san wanda ya bar kowanne. Inna Laraba sunanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gidan, gajera ce mai ƙiba, ba ta da haƙoran gaba, Hausarta da wani irin lanƙwasa na mutanen ruwa. Ta dubi ƙafar mahaifinku, ta dube ni, ta dubi filin da ke tsakaninmu, don a ɗaya gefen zauren na tsaya. Ta tambayi shekarunmu da aure, na ce tara. Ta ce a hau da shi bene. Na ce, Inna, ni a sa ni wajen matan gida.

"Ba ni da wurin mata da wurin maza a kan baƙi biyu," in ji ta. "Kuma wa zai naɗe masa tsutsar, ni?"

Fatake huɗu suka ɗauke shi suka hau da shi. Sai da ayari ya haye na gane dabarar tsohuwar: wanda aka hau da shi bene da ƙafa ɗaya ba shi da zauren da zai gudu.

Ɗakin ba shi da girma. Gadon ƙasa ne da shimfiɗar tabarmi uku da fata a kai, an yi wa daɓen ado da fasassun tukwane, ga taga guda mai kallon ruwa. Kullum da safe Inna za ta hauro da kasko ta turara ɗakin da wani icce mai ƙanshi. Ranar farko da azahar ta aiko da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, akushi ɗaya. Na sauka na ce a ba ni wani in raba. Ta ce duk akusan gidan suna da aiki. Ina ganinsu jere a kife a kan ragaya, sun fi goma. Na koma na ajiye a gabansa na ja gefe, ina jira ya gama in ci saura. Ya wanke hannu, ya tsaya, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, in matso, tuwon zai huce. Wannan ne karon farko da hannuna da nasa suka shiga akushi ɗaya. Ban san ɗanɗanon kifin ba saboda kunya. Shi ma ƙaya ta maƙale masa.

Aikin ƙurƙunu aikin haƙuri ne. Kowace safiya zan sa ƙafarsa cikin ƙwarya da ruwan sanyi har tsutsar ta saki jiki, in naɗe ta a tsinke kaɗan, kamar faɗin farce, in tsaya. In aka ja da ƙarfi ta tsinke a ciki, ƙafar za ta kumbura, wasu ma sun rasa ta. Sai in shafa man kaɗe in ɗaure da tsumma. Mutum biyu ba za su yi ta wannan zama kullum ba su yi magana ba. Da farko labarin hanya yake ba ni don ya manta da zafi: kurmin da goro ke fitowa, garin da mata ke cin kasuwa maza na saƙa, ranar da dorina ta kife musu jirgi ya fito riƙe da wutsiyar jaki. Na yi dariya, ya ɗago ya dube ni kamar ya ji baƙuwar murya. Ashe shi ma bai san tawa ba.

Wata safiya, kwana goma sha wani abu da zuwanmu, ina naɗe tsinken sai ya ce:

"Yarinyar nan, da wa ta yi kama?"

Na ajiye tsinken kada in tsinke tsutsar. Na ce kunnuwansa ta ɗauko, da goshin mahaifiyarsa. Na gaya masa kwananta hamsin da biyu, da yadda take riƙe mini yatsa in tana sha, da ranar da numfashinta ya soma sarƙewa. Na gaya masa na ɗan farin ma, kalmomin da ya fara iyawa, da yadda yake bin kaji da rarrafe. Ban rage komai ba. Ya juya fuskarsa ga taga. Sai ya ce ranar da ya dawo da munduwar nan ba jakai ya je dubawa ba. Bayan rumbu ya je ya zauna, don bai san yadda namiji ke tsayawa gaban matar da ya bari da wannan ita kaɗai ba. Ya ce munduwar tana cikin jakarsa har yanzu. Sannan ya kira sunana, Rakiya, ya ce in yafe masa. Ban ce na yafe ba a ranar. Na dai ɗauki tsinken na ci gaba.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba, kuma ba na jin kunyar rubuta muku haka, ko da ku 'ya'yana ne. Da la'asar mukan zauna bakin taga mu ga jirage na dawowa, mata na shanya kifi a kan duwatsu, rana na faɗawa cikin ruwa. Inna ta sa aka yi mini lalle da kitso irin na matan gungun, ya ce ya fi na Darini kyau, na ce zan gaya wa matan Darini. Don kada zama ya ishe shi, ya tuƙa wa gidan igiyoyi, ni kuma na koya wa Inna dambun zogale irin namu. Da ya fara dogara sanda, ta sa wani masunci ya kewaya da mu gungun a jirgi. Igiyar ruwa ta ɗaga mu, ban san lokacin da na cafke hannun rigarsa ba, a gaban baƙon namiji. Bai janye ba.

Amma maganar da na taho da ita daga gida tana nan, sai ma ta ƙara nauyi. Da ban san shi ba, rabuwa da shi abu ne mai sauƙi. Yanzu na san shi, kuma na san ba zan iya komawa zaman jiran da na yi shekara tara ba. Wata hantsi muna tsince shinkafa a gindin tsamiya na gaya wa Inna komai, na ce ta ba ni shawara.

"Ni masauki nake bayarwa, ba shawara ba," ta ce. "Amma in za ki faɗa masa, bari sai ya tsaya da ƙafafunsa. Kada wata rana ya ce kin kama shi a kwance."

Na bi maganarta. Tsutsar ta fita duka, tsawonta ya kai kamu biyu, ramin ya soma rufewa. Ayarin Kanawa ya iso gungun. A ranar kuma wasu fatake masu dawowa daga yamma suka kawo saƙon Baba Madugu: ya hanzarto, tsufa ya kama shi a hanya, ba zai jira a koma gida ba, a Gwanja zai damƙa masa ayari. Na ga fuskar mahaifinku ta yi haske. Da safe yana tsaye tsakar ɗaki yana ɗaure jakarsa, yana waƙar jakai a hankali, sai na ce ina da magana.

Na gaya masa da niyyar da na baro Darini. Na ce yanzu ba na son rabuwar, amma ba zan ɓoye masa ba, in ya karɓi ayari ya karɓi hanya har ƙarshen ransa, don madugu ba ya fashin shekara. Zan bi shi Gwanja in dafa masa abinci in dawo da shi gida lafiya, daga nan in wuce Babban Duhu, ba da faɗa ba, ba da ƙiyayya ba. In kuwa gida ya zaɓa, zan ci abin da gona ta ba mu, ba zai taɓa jin na ambaci zanen Gwanja ba.

"Kin san abin da kike ce in bari?"

"Na sani. Na ga ka a gaban ayari. Shi ya sa ban ce ka bari ba, na gaya maka nawa ne kawai."

Ya ajiye jakar ya sauka, na hango shi ta taga a bakin ruwa inda Kanawa ke loda jakai a jirgi. Ya taya su ɗaure kaya, ya gyara wa wani mangala, ya riƙe wani jaki mai gardama har ya shiga. Na zauna ina jira, amma ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Jirage suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya bar gaɓa, yana nan tsaye a kan rairayi. Ashe ya riga ya ba Kanawan saƙo a kai wa Baba Madugu: a ba Sale ayarin. Ya hauro bayan azahar, ƙafarsa duk laka, ya ce mini gobe akwai jirgi mai zuwa gabas, hanyar gida.

Inna Laraba ta raka mu har bakin ruwa da ƙullin busasshen kifi. Ba mu da kwanon tagulla da za mu bar wa gidan. Mahaifinku ya ciro 'yar munduwar nan ya tambaye ni da ido, na gyaɗa kai, ya miƙa mata. Ta ce a ɗakin bene za ta rataye ta. Ban sake ganin Inna ba, ban kuma sake ganin Kwara ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo a banza. Da ayari ya dawo, Baba Madugu ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwar mahaifinku, kuma har ya rasu bai sake shiga gidanmu ba. Ni kuwa ko sunana ba a ambata a gidansa. A dandali suka sa wa mahaifinku Na-Gungu, wasu suka ce mijin-ta-ce, wasu suka ce tsoron 'yan fashin ƙasar Bargu da ke hayin Kwara ne ya juyo da shi, mutumin da ya ratsa Bargu sau tara. Bai taɓa tanka musu ba. Sale ya zama madugu, ya gina soro, ya ɗaure dawakai, kuma Allah ya sani ban taɓa yi masa hassada ba, ya riƙe ayarin da kyau. Mu muka kama gero da dawa. Hannun da ya saba da igiya ya daɗe bai saba da fartanya ba, shekarar farko gonarmu ita ce abin dariya a unguwa. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke muka ci tafasa da dusa, babbarku Hadiza za ta tuna, tana da wayo. Amma ku biyar ɗin nan, kowannenku shi ya yi masa kiran salla a kunne, kowannenku a gabansa ya fara tafiya.

Abu ɗaya ne ban iya raba shi da shi ba, ban ma gwada ba. Kowace kaka, ranar da ayari zai tashi, tun da sassafe zai fita ƙofar gari. Zai bi jakai ɗaya ɗaya yana taɓa ɗauri, ya kwance wanda bai yi masa ba ya sake ɗaurewa, ya raka su har rafi, ya tsaya sai ƙurarsu ta ɓace. Ranar ba ya zuwa gona, ba ya magana da yawa. Ni kuma in dama masa fura in ajiye in ba shi wuri. Wata shekara, bayan an yaye autanku, na ga ya dawo idonsa ja. Na ce, Maigida, yara sun tasa, in kana son ka bi su ko sau ɗaya ne, ka je, zan jira ka, wannan karon da yardata. Ya sha furar, ya goge baki, ya ce ai tun daga gungun ya san ban rufe masa ƙofa ba, kuma kowace shekara in ya kai rafin nan shi da kansa yake juyowa. Sannan ya tambaye ni ko akwai sauran fura.

Shekara talatin da ɗaya yana kaiwa rafin yana juyowa. Wannan shi ne mahaifinku.